Palladio: Masassaƙin dutsen da ya zana wa iyalan Italiya gidajen gado

Sai a shekarar 2004 iyalin Emo suka sayar da gidansu na ƙauyen Fanzolo, a arewa maso gabashin Italiya, bayan ya shafe fiye da shekara 400 a hannunsu, ɗa na karɓa daga uba. Wanda ya zana musu shi, Andrea Palladio, bai gaji komai ba sai hannunsa. An haife shi a Padua a 1508, aka kai shi koyon sassaƙar dutse yana ɗan shekara 13, daga baya ya gudu daga wurin maigidan nasa ya koma Vicenza. A can ne wani malami attajiri, Gian Giorgio Trissino, ya ga basirarsa ya jawo shi jiki, ya raɗa masa suna Palladio, ya kuma kai shi birnin Rum a 1541 don ya auna kufan gine-ginen mutanen dā da idonsa.

Palladio ya taso a kan gaɓa. Shekaru aru-aru arzikin birnin Benis a kan teku yake, amma 'yan Fotugal sun gano hanyar Indiya ta zagaye Afirka, Turkawa kuma sun matsa daga gabas. Sai manyan iyalai suka juya kuɗinsu ga ƙasa, suna sayen fadamu, suna janye ruwa, suna noma. Mai gona yana son zama kusa da amfaninsa, amma wanda ya saba da fada ba zai kwana a bukka ba. Wannan matsala ce Palladio ya warware, kuma a ganina nan gwanintarsa ta fi fitowa.

Dubi gidan Emo. A tsakiya ɗakunan iyali ne, an ɗaga su sama, gabansu ginshiƙai huɗu. Dama da hagu dogayen rumfuna ne masu bakuna, inda ake ajiye hatsi da kayan noma, a kowane ƙarshe kuma da hasumiyar tantabaru. Maigida na iya zagaya dukiyarsa duka ruwan sama bai taɓa shi ba. Kicin da ɗakunan ajiya suna ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne kayan ginin: mafi yawa tubali ne aka shafe da farar yaɓe, har ginshiƙan ma sau da yawa haka suke. Kyan gidan daga awo ya fito. A littafinsa mai juzu'i huɗu da aka buga a Benis a 1570, Palladio ya bayyana siffofin ɗaki bakwai da ya fi so, kamar wanda tsawonsa da faɗinsa ɗaya, ko wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa. Ya ba da shawarar ɗakunan lokacin zafi su zama manya suna kallon arewa, na lokacin sanyi kuma ƙanana masu samun rana.

Kowane gida ya ɗauki halin masu shi. A Maser, 'yan'uwa biyu, Daniele da Marcantonio Barbaro, masu ilimi ne da suka sa baki sosai a zanen, suka kuma kira Paolo Veronese ya ƙawata bangon. Veronese ya zana matar Marcantonio tsaye a baranda tare da tsohuwar mai reno, ga ɗan kare ga aku kusa da su, kamar sun leƙo su ga wane baƙo ne ya shigo. Wanda ya ɗaga kai a zauren nan yau, da uwargidan zai haɗa ido. Gidan Foscari kuwa, da ke bakin kogin Brenta, an ɗora shi a kan dogon tushe saboda ƙasar wurin mai laima ce. Ya fita daga hannun zuriyar na tsawon lokaci, sai a 1973 suka sake mallakarsa suka gyara.

Wanda ya fi shahara, La Rotonda, a bayan garin Vicenza, na wani limamin coci ne, Paolo Almerico, da ya yi ritaya daga Rum. Fuska huɗu ne iri ɗaya, da ƙubba a tsakiya. Palladio ya rasu a 1580 ba a gama ba, Vincenzo Scamozzi ya ƙarasa wa iyalin Capra. Tun 1912 yana hannun iyalin Valmarana, su ke fama da ɗawainiyar rufi da yaɓe, kuma suna buɗe shi ga masu ziyara.

Littafin Palladio ya yi tafiyar da mai shi bai taɓa yi ba. Inigo Jones ya kai salon Ingila, Thomas Jefferson kuma ya bi shi wajen gina gidansa na Monticello a Amurka. A 1994 hukumar UNESCO ta sa Vicenza cikin wuraren tarihi na duniya, bayan shekara biyu ta faɗaɗa jerin har ya ƙunshi gidajen gona 24 na Palladio.