Cocteau Twins: mawaƙan da suka ɓoye kalmominsu

A ƙarshen zangon da ya wuce wani uba ya tare ni a ƙofar lakkwal da tarho ɗin ƴarsa a hannu. Ya ce: "Mushe, kai ne mai koyar da Ingilishi, saurara ka gaya mini abin da yarinyar nan take ji dare da rana." Waƙar "Space Song" ce ta Beach House, wasu mawaƙa biyu na birnin Baltimore a Amurka. Tun 2015 ta fito, amma TikTok ya sake tayar da ita har ta iso kunnuwan ƴaƴanmu. Na fassara masa abin da na iya ji, babu batsa, hankalinsa ya kwanta. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin wannan kiɗa mai kama da hazon hunturu yana da tushe, kuma da tushen ya kawo mini, da ban iya fassara masa ko jimla guda ba.

Tushen shi ne Cocteau Twins. An kafa ƙungiyar a 1979 a Grangemouth, wani ƙaramin gari na ƙasar Sikotlan wanda matatar man fetur ta mamaye a wancan lokaci. Robin Guthrie mai gita da abokinsa Will Heggie ne suka fara. Sunan ma aro ne, daga wata tsohuwar waƙa ta samarin da daga baya suka zama Simple Minds. Suka ga wata yarinya, Elizabeth Fraser, tana rawa a wani gidan rawa na garin, suka ce mai rawa haka ba za ta kasa waƙa ba. Shekarunta 17 a lokacin.

Zamanin kiɗan fank ne, wanda ya koya wa ƴaƴan talakawan Birtaniya cewa ba sai ka ƙware ba kafin ka hau dandali. Suna sauraron Siouxsie and the Banshees da The Birthday Party, kuma ana jin wannan duhu da kaushi a faifansu na farko, Garlands, da kamfanin 4AD na Ivo Watts-Russell ya fitar a 1982. John Peel na rediyon BBC ya yi ta sa su a shirinsa. Heggie ya bar su a 1983, Simon Raymonde ya shigo, kuma da faifan Treasure na 1984 salon nasu ya zauna da gindinsa.

Abin da ya fi jan hankalina, ni da nake yini cikin yara, shi ne salon ya fito ne daga rauni guda biyu. Guthrie ya sha faɗa cewa shi ba gwanin gita ba ne. Sai ya riƙa bi da sautin ta cikin na'urorin amsa-kuwwa da na jinkirta sauti, ɗaya bisa ɗaya, har tsirkiya guda ta koma kamar ƙararrawa goma a cikin rijiya. Makaɗin ganga ma ba su da shi, na'ura ce ke buga musu. Ita kuma Fraser kunya da rashin yarda da kai suka dame ta, tana tsoron a ji kalmominta a raina su. Dabarar da ta samo ita ce ta buɗe ƙamus da littattafan harsunan da ba ta sani ba, ta tsinto kalmomi saboda daɗin furucinsu, ta karya su, ta ɗinke su da na Ingilishi. A faifan Victorialand na 1986 da Blue Bell Knoll na 1988, Baturen Ingila ma bai fi ni gane abin da take cewa ba.

A wurinmu wannan abu ne mai wuyar haɗiya. Mun tashi da Shata da Ɗan Gurmu, inda magana ce jarin mawaƙi, kiɗa kuwa ɗan rakiya. Sai dai mu tuna mu ne muka yi shekaru muna zubar da hawaye kan waƙoƙin fina-finan Indiya ba tare da mun san kalma biyar ta harshen ba. Kunne yana da hanyarsa ta fahimta, kuma a kan wannan hanya Fraser ta gina sana'arta.

Sunan salon, dream pop, wato kiɗan da ke kama da mafarki, ba su suka raɗa shi ba. Ana danganta shi ga A.R. Kane, wasu baƙaƙen fata biyu na Landan, ɗayansu Alex Ayuli ɗan asalin Najeriya ne. Guthrie ne ya haɗa musu faifan Lollita a 1987. Ba kasafai ake ambaton su ba in ana ba da wannan tarihi, kuma a ganina ba a kyauta musu ba.

Heaven or Las Vegas na 1990 shi ne ƙololuwarsu, ya kai mataki na 7 a jerin faifan Birtaniya. Fraser da Guthrie sun samu ƴa a 1989, kuma a wannan faifai kalmomi suka fara leƙowa daga cikin hazo. Amma a bayan labule gida na ci da wuta: Guthrie ya nutse cikin shaye-shayen ƙwaya, 4AD ya rabu da su, zaman nasu ya lalace. A Four-Calendar Café na 1993 Fraser ta yi waƙa da Ingilishi tsantsa, kan ciwon zuciyarta da neman lafiyarta. Wasu masoyansu suka yi tsaki, sun fi son ta a lokacin da ba sa gane ta. Duk lokacin da na zo nan a tarihin sai in tuna da yaran da muke yabo a aji saboda shirunsu, waɗanda ran da suka buɗe baki suka faɗi damuwarsu sai mu ce sun canza hali.

Bayan Milk & Kisses na 1996 suka watse a 1997, suna tsakiyar aikin wani faifan. A 2005 aka sanar za su sake haɗuwa a bikin Coachella na Amurka, Fraser ta janye.

Zuriyar da suka bari tana da yawa. Slowdive da Lush sun sha daga rijiyarsu, Guthrie ne ma ya haɗa wa Lush faifan Spooky na 1992. Faye Wong, babbar mawaƙiyar Sin, ta maimaita waƙoƙinsu da harshenta har suka rubuta mata sababbi. Muryar Fraser ce a "Teardrop" ta Massive Attack a 1998. Kamfanin Bella Union kuwa, wanda Guthrie da Raymonde suka kafa a 1997, shi ne ya riƙa fitar da faifan Beach House a Turai, har da wanda waƙar cikin tarhon yarinyar take.

Da aka koma aji na tambaye ta me take so a waƙar, tunda rabin kalmomin ba ta kama su. Ta sunkuyar da kai ta ce in ta sa ta a kunne, hayaniyar gida takan yi nisa. Ban gaya wa mahaifinta wannan ba tukuna.