Tunawa da Maulana Shehu Ɗahiru Usman Bauchi: Muryar da Ta Ƙetare Kogin Kaduna

 A ranar Alhamis 27 ga Nuwamba, 2025, Allah Ya karɓi ran Maulana Shehu Ɗahiru Usman Bauchi, Allah Ya ƙara masa yarda, aka yi masa sutura washegari Juma'a a garin Bauchi. 'Yan'uwa na Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa suna da nasu kaso na musamman a cikin wannan rashi.

An haifi Shehu a Nafaɗa ta jihar Gombe a 1927. Ya haddace Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, Alhaji Usman, sannan ya sha daga kogin Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari da Shehu Abubakar Atiƙu Sanka a Kano. Daga nan ya sadu da Sahibul Faila, Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, har ya zama surukinsa.

Zamanin da ya kafa zaman tafsiri a Kaduna ba zamanin sauƙi ba ne ga ma'abota ɗariƙa. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, tafsirin Shehu Abubakar Gumi kuma yana fita daga Masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna zuwa ko'ina a Arewa. Talakan Tijjani da ya baro ƙauyensu ya kama aiki a masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, sai ya wayi gari ana tuhumar wuridinsa da wazifarsa, ba shi kuwa da bakin kare kansa. A wajajen 1980 aka fara sanya tafsirin Shehu Ɗahiru a wannan gidan rediyo cikin watan azumi. Majalisin yana Tudun Wada, a ɗaya gefen kogi, amma muryar ba ta buƙatar gada.

Abin da ya kama zukata shi ne yadda yake zama ba littafi a gabansa. Alaramma ya ja aya, Shehu ya jawo mata 'yan'uwanta daga surori dabam-dabam, yana fassara Alƙur'ani da Alƙur'ani, da Hausar da tsohuwa a cikin gida za ta gane. Ga barkwanci. Yakan tsinka magana mai nauyi da misalin da zai sa majalisi ya kece da dariya, kafin a gama dariyar hujja ta riga ta zauna. Ba a ce bai yi zafi a fagen raddi ba; ya yi, kuma waɗanda suka saɓa masa sun ji a jikinsu. Sai dai wanda ya zauna kusa da shi sakin fuska yake fara gani.

Mutum ne mai 'yancin zuciya. Idan labarin ganin wata ya tabbata a wurinsa daga mutanen da ya amince da su, yakan sha ruwa ya yi Idi da jama'arsa ko da sanarwar hukuma ba ta zo ba. Malamai sun yi saɓani da shi a kan haka, wasunsu ma 'yan'uwa ne a ɗariƙa, bai kuwa sauya ba don gudun zargi.

Tausayinsa ya fi bayyana a kan almajirai. Gidajensa tsangayu ne, ƙofa a buɗe, tukunya a kan wuta. A Janairun 2021, lokacin da jami'an gwamnatin jihar Kaduna suka kwashe almajirai fiye da ɗari daga gidansa na Kaduna da dare, bai janye daga matsayinsa ba: a gyara karatun allo, a tallafa masa, kada a kashe shi.

Rikicin shekarar 2000 da na 2002 sun raba garin Kaduna biyu, Musulmi da yawa suka ƙaura daga kudancin kogi zuwa arewa. Masaƙu ma suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Zawiyoyin da suka rage a wannan gefen sun ragu da mutane, amma ba su daina zikirin Juma'a ba, kuma lokacin da yake raye duk azumi 'yan'uwa sukan hau mota su ƙetare gada domin su zauna a gaban Shehu. Azumin 2026 shi ne na farko da ya kama ba ya duniya. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya sada shi da Masoyinsa, sallallahu alaihi wa sallam.