Mazan Jiya: Abin Da Tsofaffin Sojojin Faransa Suka Bar Mana

Kafin a kafa rundunar sojan Nijar a 1961, matasan ƙasar nan a ƙarƙashin tutar Faransa suke aikin soja, cikin rundunar da Faidherbe ya kafa a 1857. Duk Faransawa sun kira su sojojin Sanagal, ko da Bahaushe ne ko Bazabarme.

Wasu da kansu suka kai kansu, don albashi da tsira daga aikin tilas. Wasu kuwa sarakuna ne suka miƙa su don cika adadin da aka yanka wa kowace gunduma. Likita ya duba mutum, a ba shi kaki da jar hula, sai fareti da koyon harbi. Wata wahalar da suka sha ita ce harshe: ana ba su umarni da gurguwar Faransanci, kuskure kaɗan sai horo.

Seyni Kountché ta wannan hanya ya biyo. Ya yi makarantar soja a Kati ta Mali, ya yi aiki a Indocin da Aljeriya, kafin ya karɓi mulki a Yamai a 1974.

Sakayyar fa? A Thiaroye, ranar 1 ga Disamba 1944, an bindige waɗanda suka nemi haƙƙinsu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi ba sai bayan shekara 2000.

Malamai da iyaye, mazan jiyan nan sun kusa ƙarewa. Ku tura yara su saurari wanda ya rage, su rubuta.