Daga Itacen Balsa Zuwa Rezin: Yadda Muke Juya Ƙaramin Jirgin Yaƙi Ya Koma Wani

Wanda bai shiga harkar haɗa ƙananan samfuran jirage ba yakan ɗauka jirgin yaƙin Spitfire iri ɗaya ne. Mu da muka daɗe a ciki mun san akwai nau'i fiye da 20, kuma tun farko kamfanonin roba ba sa iya fitar da kowanne. Abin da ya haifar da sana'ar juyi ke nan: ka sayi kwalin jirgi iri ɗaya, ka yanka, ka ƙara, ka goge, har ya zama wani.

A Ingila abin ya samo tushe. James Hay Stevens ya fito da Skybirds a 1932, jiragen katako a ma'aunin 1/72, wato inci ɗaya a hannunka yana tsaye a madadin inci 72 na jirgin gaske. Kamfanin Frog ya biyo baya a 1936 da jerin Penguin na roba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Airfix ta shigo da kaya masu araha da ake sayarwa a kantunan Woolworths, har yaro ya iya saye da kuɗin kashewarsa. Sai dai zaɓin kaɗan ne. In ba a yi nau'in da kake so ba, sai ka yi da hannunka.

Mujallar Airfix Magazine, wadda aka fara a 1960, ita ce makarantar magabatanmu. Alan W. Hall ya shahara a cikinta da koyar da juyi: a sassaƙa itacen balsa da reza, a kwaɓa hodar jiki da fenti marar launi a shafa don toshe ramukan itacen, a bi da sanfefa, a sake shafawa, har sai ba a iya bambance itace da roba. Aiki ne na haƙuri, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi koya wa mutum siffar jirgi ba. A 1963 aka kafa ƙungiyar IPMS a Birtaniya, masu wannan sha'awa suka sami inda za su riƙa musayar zane da dabaru.

Ɗauki juya Spitfire Mk V zuwa Mk IX. A ƙarshen 1941 Jamus ta fito da jirgin Focke-Wulf 190, wanda ya fi ƙarfin Mk V. Sai aka ɗora wa gangar jikin Mk V sabon injin Merlin 61, mai cusa iska hawa biyu, aka samu Mk IX a 1942. Jiragen farko na wannan nau'i ma Mk V ne aka juya a masana'anta, don haka mai yin wannan aiki a kan teburinsa sawun injiniyoyin yake bi. Injin ya fi tsawo, dole hanci ya ƙaru da kimanin milimita 3 a ma'aunin 1/72. Farfela mai ganye uku za ta koma mai huɗu. Bakunan salansa su zama shida a kowane gefe. Ƙarƙashin fuka-fuki kuma, inda Mk V ke da babban lagireto a gefe ɗaya da ƙaramin mai sanyaya mai a ɗayan, Mk IX na da manya biyu daidai da juna. Milimita 3 ba komai ba ce a ido, amma in ka bar ta, masani na kallo zai gane.

Akwai juyi mafi sauƙi da ya shafe mu kai tsaye: saka wa jirgin Hurricane matacin ƙura na Vokes a ƙarƙashin hanci. Irin waɗannan jirage ne aka riƙa haɗawa a Takoradi tun 1940, su ya da zango a Kano da Maiduguri kafin su wuce Khartoum zuwa Masar.

Daga ƙarshen shekarun 1960 sai ga faifan roba da ake gasawa a zuƙe a kan mulmulalle, irin na Rareplanes, sannan ƙananan sassa na farin ƙarfe. A shekarun 1980 rezin ya mamaye kasuwa, kamfanin Eduard na ƙasar Czech kuma, da aka kafa a 1989, ya yi suna da siraran sassan ƙarfe. Yanzu hanci da farfela da lagireto duk a leda ɗaya suke zuwa, wasu ma injin bugu na 3D ne ya fitar da su.

Ba na ƙin wannan sauƙi, sassan sun fi na balsa kyau nesa ba kusa ba. Damuwata ita ce da yawa suna manna hancin rezin ba tare da sun san abin da ya sa ya yi tsawo ba. Mai shiga sana'ar nan sabo, kafin ka taɓa reza, nemi hoton ainihin jirgin da kake so da lambarsa da shekararsa, ka auna, sannan ka yanka.