Tarihin Maganin Da Bai Yi Alƙawarin Warkewa Ba

'Yan uwa marubuta, a yawancin labaranmu ƙarshen mara lafiya biyu ne: ko a fita da shi Indiya ya dawo garau, ko a kai shi makwanci masu karatu su sha kuka. Amma mai sikila, mai ciwon suga da mai farfaɗiya ba haka suke rayuwa ba. Da ciwon suke aure, da shi suke noma, da shi suke tsufa. Su kansu masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe kafin su san abin da za su ce wa irin wannan mutumin.

A 1978 wani malamin jami'a a Greensboro ta Amurka, Steven Hayes, ya fara fama da firgici mai zuwa ba sallama, har magana ta gagare shi a tsakiyar taron malamai. Abin mamaki, fannin da ya karanta ke nan. Ya gwada dabarun korar tsoro da aka koya masa, ya ga duk lokacin da ya yaƙi tsoron sai ya ƙara ƙarfi. Daga nan ya juya tambayar: in an daina kokawa da abin da ba ya tafiya, me mutum zai yi da ƙarfin da ya rage masa? A 1999 shi da Kirk Strosahl da Kelly Wilson suka fitar da littafin da ya kafa hanyar da ake kira ACT, wato karɓar abin da ke akwai tare da ɗaura ɗamarar yin abin da mutum ya ɗauka da muhimmanci.

Ba a jima ba aka kai ta ga ciwon jiki. A 2006 an yi gwaji da mutum 27 masu farfaɗiya a Afirka ta Kudu, faɗuwar waɗanda aka yi wa ACT a cikinsu ta ragu. A 2007 Jennifer Gregg da abokan aikinta suka ɗauki masu ciwon suga 81. Wasu aka yi musu bita kan cutar kawai, wasu aka ƙara musu da koyon zama da fargabarta ba tare da gudu ba. Bayan wata uku, rukuni na biyu sun fi kula da kansu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ke tsoron ganin sakamako shi ne ke ƙin zuwa awon jini. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kada mu zuzuta su, amma a 2021 hukumar NICE ta Ingila ta sa ACT cikin abin da za a iya ba mai ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

To, mu dawo gida. Ƙasar Zuru ba ta buƙatar wani ya koya mata juriya. A al'adar Dakarkari, saurayi kan shafe shekaru yana golmo a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Sai dai golmo yana da ranar ƙarewa, ciwon suga ba shi da ita. Manomi a Manga da likita ya ce masa zai sha magani har ƙarshen ransa, abin da zai fi ji daga dangi shi ne "sai haƙuri". Kalma ce mai kyau, amma sau da yawa da ita muke rufe zancen. Wani kuma ya fassara ta da ajiye magani ya kwanta jiran ajali, ko ya sayar da akuya ya bi mai lasifika a kasuwa da ya rantse zai tumɓuke cutar cikin mako guda.

Hanyar Hayes ba ta hana shan magani, ba ta kuma ce ciwo daɗi ne. Tambayar da take yi ita ce: me kake so ka ci gaba da yi ko da ciwon bai tafi ba? In shuka dawa ce, a duba kunya nawa jiki zai ɗauka kafin rana ta take.

Mu da ke rubutu da Hausa, wahalarmu ta farko sunan abin ne. "Dangana" tana da ƙanshin saduda, "haƙuri" ta yi faɗi da yawa. Mun fi karkata ga "karɓa", domin mai karɓar baƙo yakan ba shi wurin zama, sannan ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gona.