Ajala: Tarihin Ƙafar Keke a Hartum da Umdurman

A Larabcin Sudan ana kiran keke ajala, wato ƙafa mai juyawa, mai gyaransa kuwa ajalati. Sunan ya dace, domin ƙarfin keke a ƙafarsa yake. A 1874 James Starley na Ingila ya fito da dabarar saƙa wayoyin ƙafa suna gitta juna, don su jure tuƙi. A zamanin mulkin Ingila da Masar, 1899 zuwa 1956, kekuna irin su Raleigh suka shigo Hartum da Umdurman da wannan saƙa: waya 32 a gaba, 40 a baya inda nauyi ya fi yawa. Waya ɗaya in ta saki, ƙafa sai ta karkace. Saboda haka wajen daidaita ɗaurin wayoyi ake gane gwanin ajalati.