1983: Shekarar da Kurmi Ya Ci Wuta

Mu mazauna kurmi mun saba ɗaukar fari a matsayin matsalar gida Arewa. A nan ai ruwa har isar mu yake yi. To amma dattawan unguwar nan da suka yi fataucin goro zuwa Kumasi ba su manta da 1983 ba, shekarar da dajin Gana mai duhu ya kama da wuta.

Abin ya faro ne daga damina. A 1982 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma, a daidai lokacin da tekun Fasifik ya yi ɗumamar nan da masana ke kira El Nino, wadda kan birkita damina a sassan duniya. Sai hunturu ya zo da tsawo da tsananin bushewa. Ganyen da ke jibge a gindin itatuwa, wanda a da ba ya rabuwa da laima, ya bushe ƙayau.

Wutar kuwa ba baƙuwa ba ce. Manomi mai sharar gona, da maharbi mai korar gafiya, da mai neman zuma, duk shekara suna cinna ta, danshin daji ya kashe ta. A farkon 1983 babu danshin. Wuta ta bi gonakin koko da goro da rogo da ayaba a ƙasar Asante da maƙwabtanta, ta haɗa har da rumbuna. Kokon da Gana ta samu a kakar 1983/84 bai kai tan 160,000 ba, alhali a 1965 ya haura tan 500,000. Ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, aka shiga rabon lantarki.

Ana cikin haka, a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta umarci baƙi marasa takarda su fice daga Nijeriya. Kimanin mutum miliyan guda suka koma Gana, suka tarar da toka da yunwa. Jama'a suka rame har ƙashin wuya ya fito, ana yi masa laƙabi da sarƙar Rawlings. Zangon Kumasi da Nima a Ankara, inda 'yan'uwanmu suke, su ma sun ɗanɗana.

Ko hadarin farko da ake ɗoki ba ya zuwa da sauƙi bayan gobara, domin iska da tsawa kan tarar da ƙasa tsirara, ruwa ya kwashe fuskarta mai albarka. Sai da daminar 1984 ta yi kyau abinci ya dawo. A 1990 Gana ta kafa dokar hana ƙona daji, tare da 'yan sa-kai na kashe gobara a ƙauyuka.

Jama'a, goron da muke ci da shi daga irin wannan daji yake fitowa. Duk shekarar da damina ta gaza, kurmi ma makamashi ne. Allah Ya kiyaye.